Baƙin Tukunya a Kumatun Sharofat

A Sangob, in ka ji an ce "ta ƙetare gada", ba sai ka tambayi wace ce ba. Hola Sharofat ake nufi, kuma wani bawan Allah ya yi asarar rago ke nan.

Shekara talatin da huɗu ta yi tana raba wasiƙu a kwarin nan, da baƙar jakar fata a kafaɗa da takalman roba na maza waɗanda suka fi ƙafarta, har sai ta cusa tsumma a ciki. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, ga surutu kamar an kunna rediyo. Tun tana amarya aikin ya faɗo hannunta, lokacin da mijinta Sa'idmurod, wanda shi ne ainihin ma'aikacin gidan waya, ya faɗo daga kan jaki ya karye a cinya. Aka ce ta riƙe masa wata biyu. Da ya warke ya ga yadda take yi, sai ya ce shi kam gara ya koma wa itatuwansa na zardolu, masu 'ya'ya ruwan ɗorawa masu zaƙi, kuma bai sake taɓa jakar ba har Allah ya karɓi abinsa. Ta kai takardun kiran soja, ta kai sakamakon jarrabawa, ta kai wasiƙun mazan da suka tafi ci-rani Rasha. Sau da yawa ita ce ke karanta wa iyayensu mata, kuma takan tsallake layin da bai kamata tsohuwa ta ji ba. Shi ya sa yaro da babba, har waɗanda suka girme ta, kowa Hola yake ce mata, kamar ita ce ƙanwar uwar kowa.

Amma ba raba wasiƙu ne ya yi mata suna ba. Barfi ne.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka a shekara, ranar ake rubuta barfi, 'yar takarda mai baiti biyu na tsokana. Sai a san dabarar da za a yi ta shiga hannun mutum bai farga ba. In ya karɓa kuma ɗan aike ya tsere, shi zai yanka rago ya dafa shinkafa ya ciyar da jama'a. In kuwa ya cafke ɗan aiken, sai a shafe masa fuska da baƙin tukunya, wanda ya aiko shi ya yi girkin. A wasu garuruwa wasa ne tsakanin abokai, amma a Sangob ya wuce wasa. Unguwar Sama da Unguwar Ƙasa magudana ɗaya suke sha, wadda ke gangarowa daga dutse, kuma tun zamanin kakanni tsakanin shugabannin unguwannin biyu ake yin barfi. A wurin cin shinkafar nan ne, bayan an cika ciki an sha shayi, ake zama a raba kwanakin ruwa na lokacin zafi. Kakanninmu ba wawaye ba ne. Sun san da wuya mutum ya ɗaga wa maƙwabcinsa murya alhali maiƙon ragonsa bai bushe masa a gemu ba.

Gidan Sharofat a tsakiya yake, daidai bakin gadar da ta raba unguwannin. Saboda haka duk safiyar dusar farko sai ka ga abin dariya: manzon Sama na gangarowa da gudu, manzon Ƙasa na haurowa yana haki, kowa na son ya riga isa ƙofarta. Wanda ya riga, nasa za ta kai, kuma wanda Sharofat ta kai wa barfi ya fara wasa wuƙa kawai. Ƙa'ida ita ce in ta taka gada ta tsira.

Nazarali, shugaban Unguwar Sama, tsohon direban tarakta ne, dogo, mai gashin baki da saurin fushi. Wata shekara Sharofat, wadda ke ce masa Aka, wato yaya, ta miƙa masa jaririn 'yarta, ta ce, "Aka, riƙe mini shi in gyara takalmi." Ta karɓi jikanta ta yi gaba, ta bar masa zanen goyon a hannu, takardar na naɗe a ciki. Shodmon na Unguwar Ƙasa kuwa tsohon malamin lissafi ne, mai ƙiba da nauyin jiki, wanda ke ganin duk kwarin babu mai kai irin nasa. Ya taɓa kulle kansa a ɗaki wuni guda, ya ce ko ruwa kada wanda ya miƙo masa. Da la'asar yunwa ta ci ƙarfinsa, ya leƙo ta taga ya karɓi gurasa mai zafi daga hannun wata mata mai lulluɓi da ya ɗauka matarsa ce. Da ya gutsura sai ga takarda a tsakiya. Aka ce ihunsa har Unguwar Sama an ji.

Su biyun nan, da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, sun yarda da abu ɗaya: kafin su mutu sai sun ga baƙin tukunya a fuskar matar nan. Ko da ta ajiye aikin gidan waya ba ta ajiye barfi ba. Shekara talatin da tara ba a taɓa kama ta ba, kuma kada wani ya ce maka abin bai dame ta ba. Tana ji da shi ƙwarai. Ba ta da gona mai yawa, ba ta je Makka ba, ba ta haifi likita ba. Abin da take da shi ke nan, kuma takan faɗa da bakinta a gidan biki ko ba a tambaye ta ba.

To, sai duniya ta fara canzawa a hankali, kuma Sharofat ta riga rediyo sani. Wanda ya yi shekara talatin da tara yana jiran rana ɗaya ba ya manta yaushe ta zo. Da, tun ba a gama kwashe dankali ba dusa ke rufe shi. Daga baya ta koma zuwa bayan wata guda, sannan wata biyu. Tsohuwar ƙanƙarar kan dutse, wadda a ƙuruciyarta harshenta ke saukowa har wurin da makiyaya ke kafa bukka, ta janye sama, ta bar tsakuwa zube. Masu ilimi suka zo da mota suka auna, suka ce sauyin yanayi ne, hayaƙin manyan birane ne. Sharofat ta ce musu, "To, mu da ko masana'antar ashana ba mu da ita, laifin me muka yi?" Suka yi murmushi suka rubuta wani abu a littafi.

Bara dusar ta zo, amma 'yar kaɗan. Aka yi barfi, aka ci, aka raba ruwa kamar kullum, sai dai ruwan da aka raba bai zo ba. Da zafi ya tsananta magudana ta koma siririya kamar igiyar shanya. Unguwar Sama ta riƙe ruwa wuni guda fiye da rabonta, Unguwar Ƙasa ta hauro da shebura. A mararrabar ruwan, inda ake sa katako a karkatar da shi, aka yi arangama. Cikin 'yan Sama akwai Daler, ɗan Sharofat na cikinta. Cikin 'yan Ƙasa akwai Firuz, mijin 'yarta Nigina. Sheburin Daler ne ya tsaga wa Firuz goshi, ɗinki bakwai, kuma likita ya ce da ya sauka kaɗan da ido ya tafi. Tun daga ranar Nigina ba ta sake taka gidan yayanta ba, Nazarali da Shodmon kuma ko a jana'iza ba sa haɗa sahu.

Kowa ya zuba ido yana jiran hunturu, don kowa ya san barfi ne kawai zai zaunar da su a shimfiɗa ɗaya. Hunturu ya zo, dusa ba ta zo ba.

Kwana arba'in na tsakiyar sanyi, waɗanda a da ko kare ba ya leƙowa waje, suka shigo da rana tarwai. Tsofaffi suka riƙa zama a jikin katangar masallaci sun cire manyan rigunansu. Ƙudaje suka fito. Alkamar da aka shuka tun kaka, wadda dusa ke lulluɓewa ta kwana a ƙarƙashi, ta tsaya tsirara a gona tana rawaya. Matasa na ta murna ba a ƙona gawayi da yawa ba. Sharofat kuwa duk safiya sai ta fito ƙofa ta ɗaga kai ta dubi sama, ta same ta shuɗiya fes, ba ko gizagizai. Ba ta taɓa zaton rana mai daɗi za ta iya tsorata mutum haka ba.

Ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Ta haura wurin Nazarali ta ce, "Aka, bana ruwan bai kai na bara ba. Ku zauna tun da wuri."

Ya ce, "A zauna a gidan wa? Ni in gangara wurin wancan tulun? In dusa ta sauka a yi barfi, wanda ya faɗi ya kira. Haka muka gada."

Ta gangara wurin Shodmon. Ya gyara tabarau ya ce, "Hola, al'ada al'ada ce. Ba dusa, ba barfi. Ba barfi, ba zama. Lissafi ne mai sauƙi."

Ta ce, "Malam, lissafinka zai kashe mutum."

Ta dawo gida ranta a ɓace. Ta gane sarai cewa al'adar da aka kafa don ta haɗa su ita suka mayar katanga suna laɓewa a bayanta.

Ranar da kwana arba'in ɗin suka cika, ta fita lambun bayan gidanta ta tarar da reshe guda na zardolu ya buɗe fure, wata biyu kafin lokacinsa, har da ƙudan zuma a kai. Da hantsi ta haura gidan Daler kai masa madara. Ta same shi a tsakar gida ya ɗora shebur a gwiwa yana wasa bakinsa da dutse.

Ta ce, "Wace gona za ka haƙa yanzu?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Shiri ne kawai, Inna."

Ta tsaya tana kallon bakin sheburin yana ƙyalli. Ita ta haifi yaron nan, ta san ba mugu ba ne. Ta kuma san yana da 'ya'ya huɗu da gonar dankali ɗaya, Firuz ma haka. Ta ajiye madarar ta fita.

Washegari da rana tsaka ta ciro tsohuwar jakarta daga ƙasan akwati, ta kakkaɓe ta, ta rubuta takardu biyu ta jefa ciki. Ta sa takalman robar nan duk da hanya a bushe take ƙayau. Ta tarar da Nazarali a ƙofar gidansa yana shan hantsi da mutane biyar ko shida. Ba lulluɓi, ba dabara. Ta ciro takarda ta miƙa masa a gaban kowa.

Ya karɓa, don ko a mafarki bai kawo barfi a ransa ba a irin wannan rana. Ya buɗe ya karanta a fili:

"Sama ta hana, ƙasa ta bushe,
Ga Sharofat a ƙofarka, ƙafa ta gaji."

Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube ta. Ya ce, "Ke, ina dusar? Tsufa ya fara taɓa miki kai ne? Wa ya aiko ki?"

"Ni na aiko kaina."

Ta juya ta kama hanyar gada. Tafiya take kamar mai tallan ƙwai, taku ɗaya ta huta. Wani daga cikin mazaunan ya ce, "Aka Nazarali, ka fa karɓa. In ta taka gada ragonka ya tafi, dusa ko ba dusa." Nazarali ya miƙe. Taku goma ya yi ya riƙo igiyar jakarta, ya tsaya yana kallon hannunsa kamar ba nasa ba. Shekara da shekaru yana mafarkin wannan rana, ga shi ta zo masa a banza.

Matarsa ta fito da tukunya. Ya dangwali baƙin da yatsu uku, ya yi jim.

Sharofat ta ce, "Shafa mana, Aka. Ko hannun ma ya tsufa?"

Ya shafa mata a kumatun dama. Mutane suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi ƙarfi ba. Ita kuwa ta ji abin har cikin ranta. Ta yi zaton ta shirya, ashe ba ta shirya ba. Shekara talatin da tara suka tafi a shafa ɗaya, idonta ya kawo ruwa, ta haɗiye. Da ya sake dangwalowa zai shafa na hagu sai ta kare da hannu.

"Bar wannan, yana da mai shi. Jibi Juma'a bayan an sauko, a gidana. Ka san wanda ya shafa wa mutum baƙi ya ƙi cin abincinsa, ya zage shi har kabari."

Nan Nazarali ya gane ramin da ya faɗa. Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da ke, Hola."

Labari ya riga ta isa Unguwar Ƙasa. Ta ƙetare gada da kumatu ɗaya baƙi, mata na leƙowa ta katanga. Shodmon na tsaye a ƙofarsa ya harɗe hannuwa a baya, ya ce, "Ni ba Nazarali ba ne. Na ga lissafinki tun daga nesa. Ba zan karɓa ba."

Ta ce, "Ba dole, Malam. Sai dai daga yau har jikokin jikoki, in aka tambaya wa ya kama Sharofat, za a ce Nazarali direban tarakta. Shi kaɗai. Za a ce akwai wani malamin lissafi a lokacin, amma bai iya ba."

Ta riƙe takardar a gabansa tana kaɗawa. Shodmon ya yi gumi. Ya dubi mutanensa, ya dubi kumatun nan na hagu fari tas. Sai ya ja tsaki ya fizge takardar, ya ce a kawo tukunya. Shi kam bai yi mata da wasa ba, har kunne ya kai.

Rago ɗaya gare ta, wanda take kiwo don layya, shi aka yanka. Nigina ta zo tun asuba ta yanka karas, matar Daler ta wanke shinkafa, ba su yi wa juna magana ba amma wuƙa ɗaya suka yi ta miƙa wa juna. Bayan Juma'a mutane suka cika tsakar gidan. A waje aka yi shimfiɗa, a tsakiyar hunturu, ba wanda ya nemi bargo. 'Yan Sama suka zauna gabas, 'yan Ƙasa yamma. Sharofat ta fito da farantin farko, sai kowa ya ga fuskarta yadda take tun shekaranjiya. Ba ta wanke ba. Da taimama ta yi sallolinta kwana biyu, liman ya ce shi bai san hukuncin wannan ba, kuma ba ya son ya sani.

Aka ci aka yi nak. Bisa al'ada, bayan an ci, wanda ya shafa baƙin shi ke zuba wa mai shi ruwa ya wanke, wasa ya ƙare. Nazarali ya ɗauko buta yana sauri, don ya gama ya tafi.

Ta ce, "Ajiye. Ba zan wanke ba sai kun raba ruwa."

Shodmon ya ce, "Hola, wannan ba ya cikin ƙa'ida."

"Barfi ba dusa ma ba ya cikin ƙa'ida, amma ga ragona a cikinka. In kun tashi ba ku raba ba, haka zan je kasuwa, haka zan je suna da jana'iza, duk wanda ya tambaya in ce aikin Nazarali da Shodmon ne. In na mutu a binne ni da shi."

Ta ja matashi ta zauna a tsakiyarsu, ta naɗe ƙafa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce nan take zukata suka yi sanyi ba. An yi ihu. Nazarali ya miƙe sau biyu zai tafi, sau biyu yana duban fuskarta ya koma ya zauna. Shodmon ya cika bayan takardar barfin da lambobi. Aka tono maganar bara, aka tono ta shekara ashirin. Firuz ya ture hularsa baya ya nuna tabon goshinsa, Daler ya sunkuyar da kai. Duk lokacin da murya ta yi sama sai Sharofat ta tsiyaya shayi ta miƙa wa mai ihun da hannu biyu, dole ya karɓa ya dubi abin da ya shafa.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne gaskiyar da ba wanda ke son ya fara faɗa. Wani tsoho ne daga Ƙasa ya faɗe ta, ya ce, "Ku daina faɗa a kan kwanaki. Ko kwana nawa aka ba ka, ruwan ba zai isa ba." Daga nan maganar ta sauya. Da la'asar sakaliya aka tsaya a kan cewa kowane gida, Sama da Ƙasa, zai bar kashi ɗaya cikin uku na gonarsa ba shuka bana. Kwana uku ga Sama, uku ga Ƙasa, na bakwai na itatuwa ne, don dankali akan sake shuka shi baɗi amma itace in ya mutu sai shekara goma. Kuma ba mai zuwa mararrabar ruwa da shebur, katakon da hannu ake ɗaga shi. Ba wanda ya ji daɗi. Kowa ya san bana za a ɗaure ciki. Amma liman ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha, Daler da Firuz ma suka shafa.

Sannan Sharofat ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara, ta ce, "To, ku zo ku gyara ɓarnarku."

Shodmon ya riƙe kwano, Nazarali ya ɗaga buta. Ta sunkuya ta tara hannu. Nazarali ya karkata butar da yawa, ruwa ya kwararo ya cika mata tafi ya zube ƙasa. Ta ɗago da sauri, baƙin na gangarowa ta haɓarta, ta riƙe bakin butar.

"A hankali, Aka," ta ce. "Kana zuba shi kamar muna da shi."